Sifika ɗaya a Tambuwal, ɗaya a Kebbe

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana na wajen uwa, Malam Umaru malamin gona, wanda mu jikokinsa muke kira Tsoho. Allah ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, domin ni ba mai yawan magana ba ne, shi kansa Sarkin Shiru yake kirana. Abin da na gani a hutun da ya wuce ne ya hana ni sakat. Na koma makaranta a Sakkwato, amma duk lokacin da na buɗe littafi sai in ga wani akwatin katako ɗaure da igiyar roba a kan rufin mota, ƙyama ta kama ni.

Tsoho yana da sifika biyu, akwatunan katako masu ruwan goro, da amfilifaya mai rediyo a jiki da rikodar kaset. Ya sayo su tun yana sabon ma'aikaci, lokacin da aka tura shi kwas Zariya. Ba shi kaɗai ne mai irin waɗannan kaya a Tambuwal ba. Abin da ya raba shi da saura shi ne ya yarda cewa rabin daɗin sauti ne kawai ke cikin kayan, ɗaya rabin yana ga wurin da aka ajiye su. Ya ware musu ɗakin ƙasa mai rufin azara kusa da zaure. Kana iya aron kekensa, kana iya cinye masa goro, ba zai ce komai ba. Amma ka jingina da sifikarsa har ta gusa, ranar za ka san malamin gona yana da fushi.

Bai taɓa manna su da bango ba, bai taɓa cusa su a kusurwa ba. Ya ce bango da kusurwa suna ƙara wa sauti gurnani, sai kaurin ya haɗiye zaƙin, ka ji mai magana kamar yana cikin randa. Don haka kowace sai ya janyo ta kamar kamu ɗaya ko fiye daga bango. Tunda a kan buzu yake zama, ya kifa tsofaffin turame biyu ya ɗora su a kai, yadda ƙaramin bakin da ke sama, mai fitar da siririn sauti, zai yi daidai da kunnen mutum a zaune. Tazarar da ke tsakanin sifikokin ita ce tazarar da ke tsakanin kowace da buzun. Duwatsun murhu yake kiran wannan tsari: biyu na katako, na ukun mai sauraro. Sannan ya ɗan karkato fuskar kowace zuwa ga buzun. A bangon gefe ya rataya gwado, a bayan buzun kuma kantar littattafansa. In ya shiga ɗakin da bai sani ba, abu na farko da yake yi shi ne ya tafa hannu sau ɗaya ya kasa kunne. In tafin ya dawo masa da ƙara, ya san ɗakin yana buƙatar labule ko tabarma.

Ina aji biyu a sakandare ya fara zaunar da ni a buzun. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma wasanmu a kan kakata Inno yake, wadda take kirana angonta.

“Kai mai son ƙwace mani mata, zamna nan,” in ji shi. “Rufe ido. Nuna mani inda mai labarai yat tsaya.”

Na rufe ido na saurara, na miƙa yatsa. Da na buɗe sai na ga ina nuna bango, tsakanin sifikokin biyu, inda babu komai sai ƙusar da yake rataya hula.

“To, shi ke nan,” ya ce. “Ranar da kan nuna akwati, an ɓata aiki.”

A wannan buzun na fara jin yadda alaramma ke jan numfashi kafin ya shiga aya. A nan na ji waƙar noma, mawaƙin a tsakiya, 'yan amshi a baje a bayansa, mai ganga can gefen hagu har kana iya cewa ga inda gwiwarsa take. Duk wannan kuwa, wanda ke tsakar gida ba ya jin komai. Tsoho bai taɓa murɗa sauti ya wuce yadda mutum zai yi magana da na kusa da shi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Tambuwal ta yau. Tun daga tasha har kasuwa, kowane shagon cajin waya ya fito da akwati bakin ƙofa, ya murɗa shi har yana kakari. Mai wannan shago yana gasa da na kusa da shi, babu wanda ake fahimtar abin da ya sa. A gidan biki ana jibga sifika huɗu wata kan wata kamar buhunan gero, a juya su ga jama'a, tsofaffi su koma gida kunnuwansu na kuka. Har wa'azi ana saka shi cikin fasasshiyar lasifika, kalmomin da ya kamata su ratsa zuciya su zama hayaniya. A cikin gidaje kuma an shimfiɗa tayil, an shafe bango sumul, an cire tabarmi, ɗaki ya koma kamar cikin tanki. Ba na jin Tsoho zai yi dogon jawabi. Ina jin zai tafa hannu sau ɗaya, ya saurara, ya sa takalminsa ya fita.

Amma ba mutanen tasha ne suka fi ba ni takaici ba. 'Yan gidanmu ne.

Da aka zauna rabon gado, 'ya'yansa maza biyu, Kawu Nasiru da ke zaune a gidan da Kawu Lawali da ya koma Kebbe, kowa ya ce shi zai ɗauki kayan sautin. Dattijon da ya jagoranci rabon ya gaya musu gaskiya, cewa abin da rabawa ke lalata shi ɗaya ne ke ɗauka, a daidaita wa ɗayan da wani abu. Suka ƙi. Ba don ɗayansu ya taɓa zama a buzun ba, sai don kada a ce ɗan'uwansa ya fi shi. Da aka gaji sai wani ya ce ai abin da sauƙi, akwati biyu ne, maza biyu ne. Aka yi dariya, aka ce an warware. Ta dama ta zauna a Tambuwal, ta hagu ta hau mota zuwa Kebbe. Amfilifaya da rikoda da kwalin kaset suka faɗa cikin rabon Inno. Mutanen da ba za su taɓa raba takalmi ƙafa ɗaya ɗaya ba, haka suka yi wa sifikokin mahaifinsu, suka shafa fatiha.

A cikin kwalin akwai kaset ɗaya da ya fi sauran. Rikodar tana da makirfo biyu, kuma ranar da Tsoho ya fara gwada su, tun ba a haifi mahaifiyata ba, ya ajiye ɗaya a gabansa, ɗaya a gaban Inno. Ba wata magana mai nauyi suka yi ba. Gardama ce a kan akuyar Inno da ta cinye dashen mangwaron da ya yi wata da watanni yana reno. Shi yana cewa akuyar ɓarauniya ce, ita tana cewa wanda ya dasa mangwaro babu shinge shi ya gayyace ta. A ƙarshe suka kwashe da dariya tare. In an saka kaset ɗin, muryarsa daga hagu take fitowa, tata daga dama, dariyar kuma ta haɗu a tsakiya.

Yanzu Inno ba ta gani, yanar ido ta rufe mata duka biyun, kuma jinta ya fara raguwa. Sai ka matso kake mata magana. Bara na ɗauko sifikar Kawu Nasiru na jona ta a gefen muryar Tsoho don ta ji. Ba ta bari ya yi nisa ba. Ana jin sa sarai, amma amsoshinta can ƙasa ƙasa, kamar daga gidan maƙwabta.

“Kashe, angona,” ta ce. “Kun mai da shi awa mai taɓin hankali, shina faɗa shi kaɗai.”

Bana da na je gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce tana so ta ji su su biyu, yadda yake saka mata a da, tun kunnen bai bi idon ba. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Na fara da ta gida. Kawu Nasiru ya rushe ɗakin ƙasan nan ya yi falo, da tayil mai ƙyalli da kujerun leda da babbar talabijin. Sifikar tana kusurwa a bayan firij, ba waya a jikinta, an ɗora mata furen roba da fulas, katakon ya yi zobe zobe na gindin kofi. Ya ce in ɗauka, amma in nemo masa inda zai sa furen.

Kashegari na hau mota zuwa Kebbe. Kawu Lawali yana ba da hayar kayan sauti, na biki da na shela. Ban sha wahalar neman sa ba, ƙara ce ta kai ni. A bakin kasuwa na tarar da wata tsohuwar mota ana tallan maganin basir, kuma a kan rufinta, kwance a gefe ɗaya, ɗaure da igiyar roba, ga sifikar Tsoho. An yage ƙyallen fuskarta. An rubuta lambar waya da jan fenti a kan katakon. Ruwan sama ya kumbura gindinta, zanzaro ya gina ɗaki a ramin da iska ke fita. Mai tallan yana ihu, yana lissafa cututtukan da ba zan iya rubutawa a jarida ba, ita kuma tana karkarwa tana fitar da su da wani kurman sauti kamar ana yaga buhu. Akwatin da aka fi shekara talatin ba a bari ya gusa da faɗin yatsa ba. Na tsaya a rana ina kallo.

Na gaishe da Kawu, na daɗe ina kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

“Sarkin Shiru, ashe kana magana!” ya ce. “Wagga? Ai duk cikin kayana babu mai ƙarfinta. Tsoho bai san abin da yaka da shi ba, ya ɓoye ta ɗaki tana raɗa.”

Na ce Inno ce ke so. Ya sosa ƙeya. Ya ce gadonsa ne, kuma ya san halin Nasiru, in ta shiga gidan ba za ta fito ba. A ƙarshe ya yarda zai kawo ta da kansa ranar Juma'a, ya koma da ita a ranar, domin an riga an kama hayarta don wani biki.

Ya cika alkawari. Bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da ita a bayan babur. Tun a tsakar gida aka fara. Kawu Lawali ya ɗora ta kan 'yar'uwarta a ƙofar ɗakin Inno, ya ce a murɗa sosai tunda tsohuwa ba ta ji. Kawu Nasiru ya ce a'a, a kai falo, a sa su dama da hagun talabijin kamar yadda ake yi a gidajen manya. Daga nan maganar ta bar sifika ta koma kan wanda ya fi kula da uwarsu, da wanda ya yi wata nawa bai zo ba. Ina tsaye da wayar sifika a hannu. Sai muryar Inno ta fito daga ɗaki.

“Ku biyu ku fita mani daga kai. Ku bar ma angona, shi ad da kunne.”

Ɗakin Inno shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan. Na shiga na tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya mutu nan take, gadonta da labule da tulin tufafi sun shanye shi. Sai jeren kwanonin da ke kan kantar ɗakin suka yi ɗan ƙara, na lulluɓe su da zane. Turmi ɗaya ya rage cikin na Tsoho, na aro wani a maƙwabta, ya zama gajere, na cika shi da littattafan da na zo da su hutu. Na ɗora sifikokin a kai, na janyo su daga bango. Na auna tazara da igiyar guga, na zaunar da Inno a dutse na uku, na duba tsayin kunnenta. Na bi wayoyin da yatsa, ja ga ja, baƙi ga baƙi, domin Tsoho ya ce in aka juya ɗaya murya ba ta samun wurin tsayawa. Na zare gidan zanzaron da tsinke. Kawunaina suna bakin ƙofa, ɗaya yana duba agogo, ɗaya yana cewa duk wannan fi'ili ne.

Na maida kowace gefenta na asali, ta Kebbe a hagu, na danna. Muryar Tsoho ta fito, amma ba tasa ba ce. Duk kalmar da ya ɗan ɗaga sai ta tsage, ta yi zizar ƙudan zuma. Takardar bakin sifikar ta yage, shekara shida na ihu sun gama da ita. Na ga fuskar Inno ta yamutse. Na kashe.

Na matso kusa da kunnenta na yi mata bayani. Ɗaya ta lalace. Duk yadda na jera su, dole muryar mutum ɗaya ta bi ta cikin fasasshiyar.

Ba ta yi dogon tunani ba.

“Sa ni cikin fasasshiyar,” ta ce. “Shi ba shi mai kyau. Ni ina nan, in wata kalma ta ɓace sai in cika.”

Na musanya su. Na sake aunawa, na danna. Tsoho ya yi gyaran murya daga hagu, saurayi, sarai, ya ce akuyar nan ɓarauniya ce. Inno ta ɗaga hannu.

“Ya yi nisa da ni. Ba haka munka zamna ba. Matso da shi.”

Na matso da su kaɗan, na ƙara karkato fuskokinsu gare ta. Ta gyaɗa kai. Daga dama amsarta ta fito a tsage, rabin kalmomin sun narke cikin ziza, sai ga ta tana faɗin su da bakinta, daidai lokacinsu, ba ta saɓa ko ɗaya ba. Wanda ya dasa mangwaro babu shinge shi ya gayyace ta. Da suka zo wurin dariya, dariyar ta tsaya a tsakiyar ɗaki, inda babu komai sai bango. Inno ta miƙa hannu wajen, ta bar shi a miƙe.

A bakin ƙofa an yi tsit. Na ɗauka wani abu ya taɓa su. Kaset ɗin yana tsayawa Kawu Lawali ya ce, “Allah shi jiƙan Tsoho. To, kwance mani ita, hanya ba ta da kyau.” Ya ɗaure ta a bayan babur da igiyar robar nan, fuskarta na kallon sama. Kawu Nasiru kuma ya tambaye ni ko na samo wa furensa wuri. Ban taɓa jin kunyar jinina kamar ranar ba, kuma har yau da nake rubutu ban huce ba.

Me ya rage na Malam Umaru bayan shekara shida? Ɗakinsa ya zama tayil. Buzunsa ban san inda yake ba. Rabin kayansa yana yawo a kasuwanni yana tallan abin da ba a faɗa a gaban surukai. Gonakin da ya koya wa mutane dashe suna nan, amma masu shan mangwaron ba su san sunansa ba. In da kaya ne mutum yake barin kansa a ciki, da sai in ce 'ya'yansa sun raba shi biyu sun zubar.

Ranar da zan koma makaranta na shiga yi wa Inno sallama. Sifikar mai kyau tana nan kan turminta, ba wanda ya taɓa ta, na riga na koya wa 'yar da ke kula da Inno maɓallin da za ta danna. Turmin aro an maida wa masu shi. Sai na tarar Inno ta sa an ja tabarmarta daga inda na zaunar da ita, an kai ta dama, daidai wurin da ta Kebbe ta tsaya, kamu ɗaya daga bango, ta ɗan karkato fuskarta ciki.

“Angona,” ta ce, “zamna can, wurin mai saurare. Danna.”

Na zauna a dutse na uku. Tsoho ya ce akuyar ɓarauniya ce. Inno ta ba shi amsa daga dama, da muryar da shekaru suka sa wa rawa amma ba ta tsage ba. Na rufe ido kamar yadda ya koya mini. Da dariyar ta zo na miƙa yatsa, na buɗe ido, na ga bango nake nunawa.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya bar mana Inno da sauran kunnenta.